Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello: A Gayyato Masu Zanen Sudan Zuwa Samaru

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da Majalisar Jami'a, da shugabannin sassan da ke koyar da zane da ƙira.

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu zane ne da malaman zane da ma'aikatan adana kayan tarihi. Buƙatarmu guda ce: jami'a ta gayyato masu zane uku daga cikin 'yan Sudan da yaƙi ya tarwatsa, su zauna a Samaru mako shida, su yi aiki a ɗaki ɗaya da ɗalibai, a ƙarshe a baje ayyukansu jama'a su gani. Mun tsawaita bayanin yadda za a yi, domin irin wannan aiki a wajen ƙananan abubuwa yake lalacewa: akwatin da aka buɗe da wuri, salatif da aka manna wa takarda, baƙon da aka sauke ba a tanadar masa tafinta ba.

Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da faɗa ya ɓarke a Kartum, masu zane da yawa suka fita da kayan jikinsu kawai, suka bar aikin shekara ashirin ko talatin a ɗakunan da har yau wasunsu ba su sake gani ba. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, har hukumar UNESCO ta yi kira a 2024 cewa kada kowa ya sayi kayan tarihin Sudan da ke yawo a kasuwa. Da yawa daga cikin masu zanen suna Alƙahira da Nairobi da Kampala a yanzu. Abin da suka rasa shi ne ɗakin aiki da kayan aiki da ɗalibai, kuma duka ukun jami'a tana da su.

Dalilin da ya sa muka nufo Zariya ba ɓoyayye ba ne. A nan ne a 1958 Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, suna tambayar abin da ɗan Afirka zai yi da ilimin zanen Turawa in ya haɗa shi da gadon gidansu. A daidai wannan lokaci ana wannan tambayar a Kartum, a kwalejin zane da ta tsiro daga Kwalejin Gordon, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan. Amsar da Ibrahim El-Salahi da Ahmed Shibrain da Osman Waqialla da Kamala Ibrahim Ishag suka bayar ita ce salon zanen da aka sani da Makarantar Kartum. Ɓangarorin biyu sun ma taɓa haɗuwa: a 1961 El-Salahi ya baje zanensa a kulob ɗin Mbari na marubuta da masu zane a Ibadan, inda Okeke da Nwoko suke cikin masu tafiyar da wurin. Zumunci ne da aka fara aka bari, kuma zumunci a ƙafa yake.

Akwai kuma dangantakar da ta fi wannan zurfi, wadda duk wanda ya taɓa riƙe allo zai gane ta nan take. An haifi El-Salahi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne, irin wadda can suke kira khalwa. Da ya dawo daga makarantar Slade ta Landan a 1957, ya baje zanensa irin na Turai, mutanen garinsu ba su kula ba. Sai ya duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu, ya tarar rubutu ne. Daga nan ya koma ga harafin Larabci, yana warware shi, yana buɗe cikinsa, har fuskoki da tsuntsaye da jinjirin wata suka riƙa fitowa daga tsakanin gaɓoɓinsa. Adon da ake yi wa allo in yaro ya kai wani mataki a karatu, wanda su ke kira sharafa, shi ne zayyanarmu ta ranar sauka. Tawadarsu baƙin tukunya ne da ƙaro, kamar tamu, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaron. Babban zanensa da ke gidan adana zane na Tate a Landan a kan damuriya ya yi shi, wato saƙin auduga na hannu. Itacen haraz kuwa da ya shafe shekaru yana zanawa, wanda yake kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, gawo ne, wanda ke tsaye a gonakin Giwa da Soba. Ɗalibin da ya taso a Tudun Wada ko Funtuwa zai karanta wannan zane da idon da ɗan Landan ba shi da shi, ko da yake a Landan ɗin aka yi masa babban nuni a 2013. Ga kuma hanyar alhazai ta ƙasa da ta bar Hausawa a Gadarif da Kasala da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi a 1903.

Sai dai muna roƙon kada a tsaya a kan harafi da allo kaɗai, a ɗauka shi ke nan zanen Sudan. 'Yan Sudan da kansu sun yi jayayya mai zafi a kan wannan. A 1976 Kamala Ishag da wasu ɗalibanta suka fitar da sanarwar da aka sani da ta 'yan Kiristal, suka ce ba dole ne mai zane ya ɗaure kansa da gado ba. Ita kanta ta fi zana mata da tsirrai da zaman zar, wanda ya yi kama da bori. Hassan Musa da Abdalla Bola su ma sun soki Makarantar Kartum a kan wace Sudan ce take wakilta, ta bakin Nilu kawai ko har da Darfur da Duwatsun Nuba. Bayansu an sami su Rashid Diab da Salah Elmur da Amna Elhassan, an kuma sami matasan da suka cika bangaye da zane a zaman dirshan na 2019 a gaban hedikwatar soja, kusa da Jami'ar Kartum. Wannan muhawara ita ce mafi amfani ga ɗalibanmu, domin irinta suke yi a kan gadon Zariya. Saboda haka cikin mutum ukun a sa aƙalla mace ɗaya, a sa wanda ba ɗan Kartum ba, a kuma nemi wanda ya iya buga zane da faranti ko katako, don aikin bugu ya fi saurin koyuwa a mako shida. A bar zaɓen a hannun ƙaramin kwamiti da ke da ɗan Sudan masanin harkar a ciki, a yi sanarwa da Larabci, a nemi hotunan aiki goma daga kowane mai nema.

Kada a ɓata wata shida ana neman aron manyan ayyukan El-Salahi ko Kamala. Suna hannun gidaje irin su Tate da MoMA na New York da Gidauniyar Fasaha ta Sharja, kuma ba sa ba da aro sai sun ga rahoton gini da ke nuna zafi da damshi ba sa hawa da sauka sosai dare da rana. Don koyarwa, kwafi mai kyau da aka nemi izininsa ya isa. Kuɗin a kashe su a kan masu rai da ke buƙatar aiki.

Maganar lokaci ita ce ta farko a aikace. Gidajen adana zane suna riƙe damshin iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, zafi kuma wajen digiri 18 zuwa 22. A Zariya damshi yakan haura kashi 80 a Agusta, ya faɗo ƙasa da 20 a tsakiyar hunturu. Takarda da kyanbas, wato yadin da ake zane a kai, da katakon firam duk suna shan damshi su kumbura, su bushe su tsuke, amma ba da sauri ɗaya ba, fentin da ke kansu kuwa ba ya bin su. A nan tsagewa da ɓamɓarewa suke farawa. Aikin da aka yi a Kampala, inda iska ke da laima, in aka buɗe shi a Samaru cikin Janairu, kafin kwana biyu takardar ta lanƙwashe, katakon ya buɗe a kusurwa. In kuma aka kawo cikin Agusta, fumfuna ce za ta ci shi, don tana tsirowa da zarar damshi ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 a ɗakin da iska ba ta zagayawa. Mafi sauƙin lokaci shi ne tsakiyar Oktoba, ruwa ya ɗauke, hazo bai kankama ba. Baƙin su iso a lokacin, a buɗe nunin a makon ƙarshe na zamansu, a rufe kafin tsakiyar Disamba.

Hanyar da ta fi arha da aminci ita ce kowane mai zane ya zo da aiki biyar zuwa takwas a hannunsa, sauran ya yi su a nan. Akwai jirgi daga Alƙahira zuwa Kano, na Nairobi da Kampala kuma sukan biyo ta Addis Ababa. Aikin takarda a shimfiɗe yake tafiya, tsakanin kwali biyu masu ƙarfi, da siririyar takarda marar asid tsakanin kowane biyu. Kyanbas a cire shi daga katakonsa a naɗe a kan bututun roba mai faɗin aƙalla santimita 15, fuskar fenti tana waje. Mutane da yawa sukan naɗe fenti a ciki don su kare shi, alhali hakan yana matse fentin ya yi tamoji, in an warware ya tsage. Kada ledar nan mai ƙurajen iska ta taɓa fuskar zane, musamman na fentin akirilik, domin da zafi yakan yi taushi, ledar ta bar masa tambarinta har abada. Mai fenti mai kauri kuwa ba a naɗe shi sam, sai dai akwati. In za a yi akwatin, a yi da filawud da soso mai kaurin santimita 5 a kowane gefe, a rufe da sukuru, don bugun ƙusa yana girgiza fenti. Ɗanyen katako ba ya tsallake iyaka sai da hatimin da ke nuna an gasa shi, filawud kuwa ba ya buƙatar wannan.

Kaya in sun iso, a ajiye su a rufe cikin ɗakin nunin awa 24 zuwa 48 kafin a buɗe, su saba da iskar wurin a hankali. Ranar buɗewa mutum biyu su duba kowane aiki gaba da baya, a ɗauki hoto, a rubuta duk wani tabo ko yagewa, mai zanen ya sa hannu. Wannan takarda ce hujja in an sami saɓani, kuma kamfanin inshora yakan ƙi biya in babu ita. Inshorar ta rufe tun daga ɗaukar aikin a gidan mai shi har komawarsa. Wajen kwastan a nemi izinin shigo da kaya na wucin gadi tun kafin jirgi ya tashi, da jerin ayyuka da girmansu da kimarsu, in ba haka ba za a ɗauke su kayan sayarwa a sa musu haraji. Wajen fita kuma a karɓi takardar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ke shaida cewa aikin zamani ne, har da waɗanda aka zana a Samaru, kada baƙo ya tsaya a filin jirgi ana riƙe masa aikin hannunsa. Duk aikin da wani dillali ya kawo ba daga hannun mai shi ko magadansa ba, a ƙi shi, komai kyansa, saboda abin da aka kwashe daga gidaje da ɗakunan zane na Kartum.

Ɗakin nunin ba sai mai tsada ba. A zaɓi wanda ke tsakiyar gini, mai kaurin bango, wanda rana ba ta bugun tagoginsa, a toshe kafofin da ƙura ke shiga, a sa na'urar auna damshi guda biyu a riƙa rubuta abin da suka nuna safe da yamma tun wata guda kafin zuwan baƙi. Abin da ya fi ɓarna shi ne iyakwandishan da ke aiki da rana ya mutu da dare ko in an ɗauke wuta, domin hawa da saukar nan ce ke kashe zane. Ɗaki mai ɗan ɗumi da ba ya canzawa ya fi mai sanyin da ke zuwa yana tafiya. In babu tabbacin wuta awa 24, a bar shi a kashe. Ayyukan takarda masu laushi a sa su cikin akwatin gilashi da ƙwayoyin silika masu riƙe damshi da aka daidaita a kan kashi 50, kimanin kilo 20 ga kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi. Haske a kan takarda da tawada da fentin ruwa kada ya wuce lukis 50 a ma'aunin haske, a kan fentin mai kuma 200, da fitilar LED, kuma launin da haske ya cinye ba ya dawowa. A duba gara a gindin bango kafin a jingina komai, a ɗora ayyukan a kan soso, kada a fesa maganin ƙwari alhali suna ciki.

Wajen sa firam ne aka fi yi wa aikin takarda illa da kyakkyawar niyya. Salatif da gam na kanti suna jiƙa takarda su bar mata rawayan tabo da ba ya fita. A riƙe ta da 'yan kusurwoyi na takarda marar asid, ko da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, daga sama kawai, don ta sami wurin motsi. A bar tazara tsakaninta da gilashi, in ba haka ba tawadar ƙaro takan manne masa in ta ji laima. Zanen gawayi ko alli a sa masa gilashi na gaske, domin na roba yana jan garin ya ɗauke shi daga takardar. A rataye kowane aiki da ƙugiya biyu, tsakiyarsa ta kasance santimita 150 daga ƙasa. In kyanbas ya ɗan saki, kada a yi gaggawar ɗaure shi, hunturu zai ja shi da kansa, wanda aka ɗaure tun da laima kuwa shi ne ke tsagewa. Kafintocin Sabon Gari za su iya duk wannan in an zauna da su yini guda, kuma ilimin zai zauna a gari.

Sauran zancen na ɗakin aiki ne, kuma shi ne gundarin abin. Kowane baƙo a ba shi ɗalibai goma sha biyu zuwa sha biyar, zama uku a mako, sauran kwanakin nasa ne ya yi aikinsa ƙofa a buɗe. A sa wannan cikin jadawalin zango da maki, don abin da ba shi da maki ɗalibi yakan bar shi in jarrabawa ta matso. A tambayi baƙin kayan da suke so wata biyu kafin zuwansu. A kuma sanar da su cewa fentin mai mai kauri ba zai bushe a mako shida ba, yana ɗaukar wata shida zuwa shekara kafin ya ƙeƙashe sosai, don haka tawada da akirilik da bugu su ne suka dace. Mako guda a ware shi a gayyato masu rubutun Alƙur'ani da masu zayyana daga cikin birnin Zazzau da Kano, a matsayin malamai, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami mai ziyara. A dafa tawada tare, a fere alƙalami tare, a ga yadda hannun Kano da na Omdurman suke juya harafi ɗaya. A kai baƙin su ga Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, da zanen bangon gidajen cikin birni.

Tafinta ba zai yi wuya ba. Ɗaliban Najeriya da yawa aka kwaso daga Sudan a 2023, musamman daga Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Kartum, kuma Larabcin Sudan suke ji, wanda ya bambanta da na littafi. A ɗauki biyu ko uku aiki da albashi. Bayanin da ke gefen kowane zane a rubuta shi da Hausa da Larabci da Turanci, na Hausar da boko da ajami, kada ya wuce kalma sittin.

Akwai abu biyu da gara a shirya musu tun da wuri. Na farko, haruffan da ke cikin irin wannan zane sau da yawa ba sa karantuwa, siffarsu aka ɗauka. A faɗi haka a bakin ƙofa, kada wani ya zaci aya ce aka karkatar ko laya ce aka rataye. Aikin da ke ɗauke da aya ta gaske kuwa ba a ajiye shi a ƙasa, ba a rataye shi inda bai kamata ba. Masu tambaya a kan zana siffar mai rai su ma a ba su wuri a zaman tattaunawa tare da malaman Sashen Larabci da na addini, domin tambaya ce da 'yan Sudan suka daɗe suna amsawa. Na biyu, kada a tilasta wa baƙo ya faɗi ɓangaren da yake goyon baya a yaƙin, ko a sa sunansa da hotonsa a intanet ba da yardarsa ba. Da yawansu suna da dangi a wuraren da kalma ɗaya za ta jawo musu bala'i. Wanda ya ga dama ya zana furanni, a bar shi ya zana furanni.

Takardar gayyata ta fita wata huɗu kafin lokaci, saboda biza da katin rigakafin shawara, da kuma fasfo, wanda na wasunsu ya ƙare kuma sabuntawa a ƙasar gudun hijira yana cin lokaci. Yarjejeniyar a rubuta ta da Larabci da Turanci, ta fayyace ladan aiki da kuɗin abinci da masauki da kula da lafiya, ta kuma ce haƙƙin mallakar zanen yana hannun mai shi. A biya rabin ladan ranar isowa, hannu da hannu ko ta hanyar da baƙon ya zaɓa, don da yawansu ba su da asusun banki da kuɗi daga Najeriya zai shiga. In jami'a tana son aiki ya zauna a taskarta, ta sayi ɗaya daga kowannensu a kan farashinsa. Mutumin da ya rasa aikin rayuwarsa ba a roƙonsa kyauta, ko da kunya za ta sa ya bayar.

Muna roƙon a naɗa malami guda ya riƙe wannan aiki, a ba shi ɗaki da na'urar auna damshi tun wannan zangon, a kuma sa kuɗin cikin kasafin shekara mai zuwa, domin sanarwar neman masu zanen ta fita kafin watan Afrilu.

Allah ya ƙara wa jami'a albarka, ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Wassalam,
Daga wasu masu zane da malaman zane da ma'aikatan adana kayan tarihi a Arewacin Najeriya.